Soyayyiyar Taliya Da Nama Da Kayan Lambu: Girkin Sinawa A Kaskon Ƙosai

Duk wanda ya zaga unguwannin Kaduna ko Jos ko Yola bayan faɗuwar rana zai ga teburin mai shayi cike da kwalayen taliyar nan ta gaggawa, wadda kowa yake kira Indomie ko da wani kamfani dabam ne ya yi ta. A gidaje ma haka abin yake. Uwargida ta dawo daga wurin aiki ko kasuwa a gajiye, yara sun kewaye ta da kukan yunwa, tuwo da miya kuwa suna bukatar lokaci da itace ko gas mai yawa, to, sai a ɗora ruwa, a jefa taliya, a zazzage ƙunshin magin da ke cikin ledar, a sauke. Ba mu ga laifin uwar da ta yi haka ba, gama mun san yadda zamani ya zama, balle tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 farashin kome ya haura. Abin da ya dame mu shi ne, yaron da yake cin wannan kwano sau huɗu ko biyar a mako, fulawa da mai da gishiri kawai yake ci. Cikinsa yana cika, amma jikinsa ba ya samun abin da zai gina shi.

Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu wata hanya ta sarrafa wannan taliya, wadda ba za ta ci fiye da minti 30 ba tun daga ɗaukar wuƙa har zuwa zuba abinci a faranti, amma za ta sa nama da kayan lambu iri huɗu ko biyar su shiga cikin yaro ba tare da an yi kokawa da shi ba.

Girkin na mutanen ƙasar Sin ne, a can suna kiransa cau min, watau soyayyiyar taliya. Taliya tsohuwar aba ce a wurinsu. A shekarar 2005 masu tonon kayan tarihi suka ba da sanarwar cewa sun sami wani kwano a kife a ƙarƙashin ƙasa a wani wuri mai suna Lajia, a lardin Qinghai, da taliya a cikinsa wadda ta kai shekara 4,000, suka kuma ce da wani irin gero na ƙasarsu aka yi ta. A kudancin ƙasar kuwa, a birnin Guangzhou inda 'yan kasuwarmu da yawa suke zuwa sarin kaya, akwai wani sanannen abinci na faffaɗar taliyar shinkafa da ake soyawa da naman sa da tsiron wake da lawashi. Akan ce da shi ake gwada gwanintar kuku. In taliyar ta kakkarye, ko ta yi jagab da mai, to, da sauransa.

Ita taliyar gaggawa ba ta daɗe haka ba. Wani ɗan kasuwa a ƙasar Japan mai suna Momofuku Ando ne ya fito da ita a shekarar 1958. Ya gano cewa in aka turara taliya, sa'an nan aka tsoma ta cikin mai mai zafi, ruwan jikinta yakan fice ya bar 'yan ƙofofi ƙanana, sai ta bushe ta yi watanni ba ta lalace ba, da zarar ruwan zafi ya taɓa ta kuma sai ya bi waɗannan ƙofofi ta yi laushi nan da nan. Indomie ta fito a ƙasar Indunusiya a 1972, aka fara shigo da ita Nijeriya a 1988, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'antarta ta farko a Ota ta Jihar Ogun, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna. Mun kawo wannan tarihi ne domin uwargida ta riƙe abu guda: taliyar da ke cikin ledar nan an riga an dafa ta, an kuma soya ta, da manta a jikinta. Ba ta bukatar doguwar dahuwa, ba ta kuma bukatar a yi mata ambaliyar mai.

Asirin wannan girki yana ga wuƙa da wuta. Basine yakan ɓata yawancin lokacinsa a kan katakon yanka, ya mai da kome ƙanana siri-siri, suyar kanta kuwa ba ta wuce 'yan mintoci a kan wuta mai ƙarfi, hannu yana juyawa ba hutawa. Ta haka makamashi kaɗan yakan ciyar da gida guda. Kaskon da suke amfani da shi, wanda suke kira wok, na ƙarfe ne mai zurfi da kewayayyen gindi da faffaɗan baki. Wanda ya gan shi zai ce ai kaskon ƙosai ne, kuma bai yi ƙarya ba. Kada uwargida ta ɓata kuɗinta wajen sayen wani sabon abu a kanti. Kaskon ƙosai na baƙin ƙarfe, wanda ya sha mai shekara da shekaru har ya yi sulɓi, ya fi kwanon suya na gorar-ruwa nesa ba kusa ba, domin yana riƙe zafi. Haka nan gawayin da ya kama sosai ya yi ja a kurfoti ya fi risho ƙarfin wuta. Mai risho ma za ta iya, sai dai ta riƙa soyawa kaɗan-kaɗan.

Me ya sa muke ta nanata zancen wuta? Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ba ya wuce nan kome yawan wutar da aka hura masa. Shi kuwa jan nan da nama yake yi a gefe-gefe, da ƙanshin da yake tashi daga tukubar mai tsire, ba sa samuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 ko fiye. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana yadda abin yake faruwa a shekarar 1912. Ma'anar wannan a ɗakin girki ita ce, muddin akwai ruwa kwance a gindin kasko, dahuwa ake yi, suya ba ta fara ba. Nama a jiƙe, ko nama mai yawa a kasko ɗaya, ko kaskon da bai yi zafi ba, duk sakamakonsu ɗaya ne: naman zai tsatso ruwansa, ya yi fari-fari, ya yi tauri kamar igiya.

Ga iyali mai mutum shida, nama giram 400 ya isa, rabin kilo kuwa ya wadatar. A nan ne wannan girki ya fi burge mu. Rabin kilon da in aka yanka shi gunduwa-gunduwa don miya sai an yi ta lissafin wa zai samu wa zai rasa, har ƙananan yara su tashi da romo kawai, in aka yanka shi siri-siri zai bazu cikin taliya, kowane cokali ya ɗauko rabonsa.

Uwargida, ki gaya wa mahauci tsoka zalla kike so, irin wadda masu tsire suke zaɓa, ta gadon baya ko mai laushi ta cinya, ba jijiya, ba ƙashi. Ki ce kada ya daddatsa miki, ki karɓo ta dunƙule. Naman wuya da na ƙwauri na farfesu ne, minti biyu a kasko ba zai yi musu kome ba. Shanunmu shanun kiwo ne masu doguwar tafiya, namansu ya fi na shanun da ake turkewa tauri, don haka yanka yana da muhimmanci ƙwarai. In kika duba tsokar da kyau za ki ga zare-zare a jere sun miƙe waje guda. Ki gicciya wuƙa a kansu, kada ki bi tsawonsu. Yankan gicciye yana gajarta zaren, haƙori ba ya shan wahala. Kaurin kowane yanki kada ya wuce na kwabo biyu a haɗe, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Mai firiji ta sa naman a wurin ƙanƙara na minti 20 ko 30 ya ɗan sandare, zai fi daɗin yanka. Wadda ba ta da shi ta wasa wuƙarta da kyau, shi ke nan. In za ki wanke naman, ki wanke shi tun yana dunƙule, ki tsane shi da tsumma mai tsabta, kada ki sake sa masa ruwa bayan yanka.

Sai jiƙo. Ki zuba wa naman babban cokali ɗaya na soya sos, watau baƙin ruwan ɗanɗanon nan na kwalba, da babban cokali ɗaya na sitacin masara ko na rogo, da cokali ɗaya na man gyaɗa, da ɗan masoro. Ki cuɗa da hannu har ya shige, ki ajiye shi minti 15 yayin da kike yankan kayan lambu. Sitacin yakan yi wa kowane yanki 'yar riga mai hana ruwansa tserewa, man kuwa yana hana su manne wa juna. A gidajen abincin Sinawa sukan ƙara ɗan hodar soda ta yin burodi don naman ya yi laushi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, gama aikin da kanwa take yi wa wake ke nan. In naman ya cika tauri, ƙaramin cokali ɗaya na tataccen ruwan kanwa ya isa. A yi hattara dai, in ta yi yawa naman zai yi santsi, ya ɗauki ɗanɗanon sabulu. Wasu kuma sukan naɗe nama cikin ganyen gwanda da aka ɗan murje na wajen awa guda, domin ƙaron gwanda yana narka taurin nama.

Soya sos kanta da waken suya da alkama da gishiri ake yin ta, a bar su su ruɓa na tsawon watanni. Watau 'yar'uwar daddawa ce. Mutanen kudancin Kaduna da suka daɗe suna yin daddawar waken suya ba za su ji wannan a matsayin labari ba. Inda ba a sami kwalbar a kanti ba, a daka daddawa kaɗan ta yi laushi, a jiƙa ta da ruwan ɗumi rabin kofi, a tace, a sa dunƙulen magi ɗaya. Ɗanɗanon ba zai zama na Guangzhou ba, amma mu a bakinmu bai gaza ba.

Kayan lambu kuwa, Allah ya hore mana su, musamman da rani sa'ad da na Filato da na fadamun Kano da Zariya suke cika kasuwa. A nemi rabin madaidaicin kabeji, karas 3, koren tattasai 2, jan tattasai 1, koren wake cikin tafin hannu, albasa 2, da lawashi in akwai. Kabeji a yanka shi dogo-dogo kamar taliyar, karas kamar tsinken ashana, tattasai da albasa su ma a tsaye, koren wake a karkace. Dalilin yin haka shi ne kome ya nuna lokaci ɗaya, ya kuma sarƙe da taliya yadda yaro mai tsince-tsince ba zai iya ware shi gefe ba. Sai tafarnuwa sala 4, ɗanyar citta kamar babban yatsa, da attaruhu 2, a jajjaga su tare. A wanke kayan lambu da ruwan gishiri tun kafin a yanka su, a bar su su tsane sarai a kwando. Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama kuwa sai an wanke su da sabulu kafin su taɓa kabeji, domin kayan lambun nan ba za su daɗe a wuta ba.

Mun san akwai iyaye da yawa da suke ganin ganyen da bai yi lugub ba bai dahu ba. A miyar kuka ko taushe wannan daidai ne. A nan kuwa so ake karas ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki, kabeji ya risina kawai, tattasai bai sake launi ba. Sinadarin bitamin C da yake da yawa a tattasai da kabeji ba ya jure doguwar dahuwa, kuma yakan tsere cikin ruwan da ake zubarwa. Shi ne kuma yake taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda rashinsa yake kawo ƙarancin jini ga yara da mata masu juna biyu. Abin da jiki yake mayarwa bitamin A a cikin karas, mai taimakon ido, shi kuma sai da ɗan mai yake shiga jiki sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Gida nawa ne a cikinmu suke kaiwa ko rabin wannan?

Yanzu sai batun gishiri, wanda muke roƙon masu karatu su ba shi hankali. Hukumar nan dai ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, a haɗa da wanda yake cikin magi da burodi da kome da kome. Yara kuwa nasu bai kai haka ba. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da kusan rabin wannan adadi. Ƙunshin ɗanɗanon da yake cikin ledar taliya shi ma yawancinsa gishiri ne. Uwargidan da ta zazzage ƙunshi biyar, ta ƙara soya sos, ta marmasa magi uku, ta kuma barbaɗa gishiri bisa ga sabo, ta haɗa wa maigida mai hawan jini abin da zai kai shi asibiti, ta kuma koya wa harshen yaranta cewa abincin da bai yi zau ba lami ne. Shawararmu ita ce a zaɓi ɗaya. In da soya sos, babban cokali 3 ya ishi girkin duka, har da wanda aka sa a nama, a ajiye ƙunshin ledar gaba ɗaya. In babu, a yi amfani da ƙunshi biyu daga cikin biyar. Citta da tafarnuwa da attaruhu da ƙanshin suya za su cike gurbin.

A haɗa ruwan ɗanɗanon a kofi tun kafin a kunna wuta: sauran cokali 2 na soya sos, ruwa cokali 4, rabin ƙaramin cokali na sukari, da ƙaramin cokali ɗaya na sitaci.

Taliya ƙananan leda 5 za su yi wa mutum shida tun da ga nama ga ganye. A jefa su cikin tafasasshen ruwa mai yawa na minti 2 kacal, da zarar sun warware a juye a kwando, a watsa musu ruwan sanyi mai tsabta, a tsane, a yayyafa ɗan mai a motsa don kada su dunƙule. A sauke su da sauran ƙarfinsu, gama za su ƙarasa nuna a kasko. Supageti ma tana yi, har ta fi araha in gida da yawa, kuma ba soyayyiya ba ce tun daga masana'anta. Leda ɗaya mai giram 500 ta isa, a rage minti 2 daga lokacin da aka rubuta a jikin ledar. Taliyarmu 'yar Hausa, wadda ake murzawa a inji a shanya a igiya, ita ma ba a bar ta a baya ba, sai dai tana da saurin narkewa, tana bukatar ido.

To, uwargida, ki jera kome kusa da murhu inda hannunki zai kai, domin in aka fara babu zuwa neman cokali. Ki kori yara daga gindin wuta. Ki ɗora busasshen kasko har sai in kika ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take. Sa'an nan ki zuba man gyaɗa babban cokali 2, ki jujjuya kaskon man ya shafi gefe-gefe. Man gyaɗa muka zaɓa don yana jure zafi, manja kuwa zai cika gida da hayaƙi kafin a je ko'ina. Ki zuba rabin naman ki baza shi, kowane yanki ya taɓa ƙarfe, ki ƙyale shi wajen rabin minti ba motsi har gindinsa ya yi ja, sa'an nan ki juya na minti guda, ki kwashe. Ki jira kasko ya sake yin zafi, ki yi wa sauran rabin haka. Nan ne mutane da yawa suke kasa haƙuri su juye duka lokaci ɗaya, sai sauri ya haifi nawa.

Ki ƙara mai cokali ɗaya, ki zuba karas da koren wake da fari tun da sun fi tauri, ki yi ta juyawa minti 2. Albasa da jajjagen citta da tafarnuwa su biyo baya, su kuwa rabin minti ya ishe su, domin tafarnuwar da ta ƙone ɗaci take yi, ba ta kuma gyaruwa. Sai kabeji da tattasai, minti ɗaya ko ɗaya da rabi. In kika ga kasko ya bushe har abin yana neman kamawa, ki yayyafa ruwa cokali ɗaya a gefe, kada ki ƙara mai. Daga nan ki zuba taliya, ki maido da naman tare da ɗan romon da ya tsatso a faranti, ki motsa kofin ruwan ɗanɗano domin sitaci yakan kwanta a gindi, ki kwarara shi ta gefen kasko. Ki sa cokula biyu ki riƙa ɗagowa daga ƙasa kina sakewa, kada ki tuƙa kamar tuwo. Cikin minti 2 ruwan zai yi kauri ya lulluɓe kome da sheƙi. Ki watsa lawashi, ki sauke. In kaskonki ƙarami ne, ki raba wannan mataki na ƙarshe gida biyu.

Wani lokaci mai yakan kama da wuta a irin wannan zafi. In haka ta faru, kada a kuskura a watsa ruwa, gama ruwa yana fantsama wutar ne ya kai ta fuska da rufin ɗaki. A rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti na ƙarfe, a kashe gas ko risho, a bar shi a rufe har ya huce. Yana da kyau murfin ya kasance a kusa tun kafin a fara.

Ranar da aljihu bai kai ga nama ba, ƙwai 4 da aka soya dabam aka daddatsa za su tsaya a madadinsa, haka nan hanta, ko awara da aka yanka aka soya ta yi ja, wadda dama ita ma asalinta daga ƙasar Sin ne. Ragowar tsiren jiya ma yana shiga, sai dai a sa shi a ƙarshe, a rage gishiri. Da damina, sa'ad da kabeji da karas suke tsada, alayyafo yana nan, a sa shi a minti na ƙarshe. Zogale kuwa a ɗan tafasa shi tukuna a matse. Masu son yaji su barbaɗa yajin ƙuli a faranti, ko dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa, a matsa lemon tsami a kai.

Abinci ne na ci da zafinsa, don haka a tara mutanen gida kafin a ɗora kasko. In ya ragu, kada a bar shi a ɗaki fiye da awa 2, balle a watannin zafi, domin dafaffiyar taliya, kamar dafaffiyar shinkafa, tana saurin tara ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kashe dafin da wasunsu suke bari. Mai firiji ta sa shi da zarar ya huce, ta ɗumama shi ya yi zafi sosai washegari. Wadda ba ta da shi, ko ba ta amince da wutar lantarkin unguwarsu ba, ta auna daidai cikin mutanenta tun daga yanka.